Muryar Anti kan zancen karas a takalmi

Assalamu alaikum, ƙanwata na ji muryarki tun da safe, ina wajen aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce yaronki ya dawo daga makaranta yana rigima a ba shi karas zai sa a takalmi, kina tambaya ko Kirsimeti ce ta zo da wuri. Ba ita ba ce, kar ma ki haɗa su, a nan Holan babbar ranar kyautar yara 5 ga Disamba ce da yamma, Sinterklaas. Kuma na san ainihin abin da kike son ji shi ne ki bar shi ya shiga ko ki hana, to wannan ke da babansa ne za ku yanke, amma ki ji yadda abin yake tukuna.

Shi Sinterklaas ɗin tsoho ne mai farin gemu da jar alkyabba da doguwar hula, asalinsa wani bishop ne Nikolas na garin Myra, cikin Turkiyya ta yanzu, tun ƙarni na 4, shi ya sa kike ganin kuros a hular. Amma yara ce musu ake yi daga Sifaniya yake tahowa a jirgin ruwa, ya sauka tsakiyar Nuwamba ranar Asabar, kowace shekara gari daban, ana nunawa kai tsaye a talabijin, har labarai na musamman suke da shi kullum da yamma, a aji ma ana kunna musu. Daga ranar da ya sauka sai yara su riƙa ajiye takalmi da dare kusa da hita da karas na dokinsa, su yi waƙa su kwanta, gari na wayewa karas ya ɓace an bar ɗan lemo ko kruidnoten, ƙananan biskit ɗin nan masu ƙamshin kirfa. Ke ce dokin fa, ke za ki cinye karas ɗin. Kuma ba kullum ba don Allah, sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, in kika saba masa da kullum kin shiga uku.

Ni abin da har yau yake min ciwo zancen Piet ne, masu taya shi ɗaukar buhu. Da can baƙin fenti ake shafe musu fuska kaf, ga jan leɓe, ga murɗaɗɗen gashi, ga manyan 'yan kunne. Farkon zuwanmu wata tsohuwa a layin biyan kuɗi ta kalli 'yata ta ce ga Piet nan, tana dariya abinta, yarinya ta dawo gida tana tambayata me ya sa ita ce Piet. Na yi wa maƙwabciyata ƙorafi ta ce wai ai baƙin hayaƙi ne don ta bututun hayaƙi yake shigowa, na ce to hayaƙin ne ya shafa masa jan baki ya huda masa kunne, kuma kayansa tas ba ɗigon datti? Ba ta sake gaishe ni ba sai bayan sabuwar shekara. A 2011 a garin Dordrecht 'yan sanda suka kama wani ɗan fafutuka Quinsy Gario don kawai ya sa riga mai cewa abin wariyar launin fata ne, sai 2019 aka daina fentin gaba ɗaya a saukar da ake nunawa a talabijin, aka koma ɗan shafe-shafen toka a kumatu, Rutte kansa, firaministan ƙasar a lokacin, sai 2020 ya ce ya sauya ra'ayi. Ki dai tambayi malamarsa wane irin Piet ne zai zo musu, kai tsaye, mutanen nan ba sa jin haushin tambaya.

Akwai kuma na manyan yara, a ja ƙuri'a kowa ya yi wa ɗan ajinsu ƙunshi da kwali har da baitocin tsokana, kai, bar wannan, naki shekararsa 5 bai kai nan ba.

Yauwa, alewar da su Piet suke watsawa ki riƙa duba bayan leda, masu laushin nan sau da yawa akwai jelatin na alade. In kuma kun yarda zai yi, ki sayi harafin cakulet na farkon sunansa tun yanzu, ana shiga Disamba sai ki tarar haruffan da ba kowa ke so ba ne suka rage a kanti.