Hotunan Tsuntsaye Gab Da Magariba: Laifin Lens Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi sabon lens mai zuƙowa, 70-300mm. Nakan je bakin dam ɗin Kubanni gab da magariba in ɗauki balbelu suna komawa makwanci, amma hotunan sai su fito dishi-dishi, ga duhu. Ko dai jabu aka sayar mini? Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka mayar da shi tukuna. Duba jikinsa, za ka ga an rubuta wani abu kamar f/4.5-6.3. Ma'anarsa, da ka zuƙo har 300mm sai ƙofar haske ta tsuke, hasken da ke shiga ya koma kusan rabi. Kyamara kuma sai ta daɗe a buɗe don ta cike giɓin. Ita kuwa balbela ba ta jiran kowa.

Saboda haka ka ƙwace linzami daga hannun kyamarar. Juya maɓallin zaɓi zuwa S, ko Tv idan Canon ce, wato inda kai ne kake zaɓar tsawon lokacin da kyamara za ta yi a buɗe. Tsuntsu na shawagi, kada ka bar ta a buɗe fiye da 1/1000 na daƙiƙa. In ya sauka kan reshe ya natsu, 1/320 ta isa, musamman idan ka jingina da bishiya. Sannan ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 3200, har 6400 in ta kama. Na san mutane na tsoron yashi-yashin da yake kawowa, amma wannan ana rage shi a kwamfuta, balle in da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani. Shi ma VR ko IS, wato tsarin rage girgiza da ke cikin lens, rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba bugun fiffike ba.

Sai dai ina zargin makara kake yi. Zariya ba Ingila ba ce da haske ke jan ƙafa. Rana na faɗuwa, minti 20 da 'yan kai duhu ya shigo, lokacin hazo ma tun kafin nan hasken ya mutu. Ka isa awa guda kafin faɗuwarta, ka ba ta baya, ka zauna wuri ɗaya cikin kaya marasa ɗaukar ido. Balbela fara ce fat, sai ka rage haske zuwa -0.7 kada gashinta ya ƙone.

Da rana ta taɓa ƙasa, juyo ka fuskance ta, ka auna haske da jan sararin sama, tsuntsayen su fito baƙi ƙirin a jere. Filasha kam bar ta a jaka, firgita su kawai za ta yi.