Hulba da waken soya: me ya sa ƙawata ta ga canji, ni shiru?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu ina shan haɗin hulba da garin waken soya don gyaran nono. Ƙawata ta ga canji, ni ko alama. Mai sayarwa ta ce in ninka cokali, ta kuma ba ni wani "mai ƙarfi". Yanzu fuskata ta kumbura, al'adata ta rikice. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Ƙarfin tsiro ba ɗaya yake ba ko da sunansa ɗaya. Waken da ya yi ƙwaya cikin sanyi ya fi wanda ya nuna cikin zafi yawan isofilabon, sinadarin da ke kwaikwayon istirojin, wato homon ɗin mata. Iri, ƙasa da ajiya duk suna canza shi. A yammacin Ostareliya cikin shekarun 1940, tumaki sun daina haihuwa saboda kiwo a wata ciyawa mai irin wannan sinadari, kuma ciyawar ta fi ƙarfi a ƙasar da ta rasa fosfaras, sinadarin da ake samu a taki. Sai kuma cikinki: ƙwayoyin bakteriya na hanji ne ke juya sinadarin waken zuwa nau'in da ya fi tasiri, kuma ba kowa ke da su ba. Ke da ƙawarki kuna iya sha a kofi ɗaya, jikinku ya karɓi abu daban.

Amma abin da ke ƙona mini rai kullum shi ne "ai ganye ne, ba ya illa, ƙara kawai". Wa ya auna? Ita mai sayarwar ta san nawa ne a cokalinta? Suna cewa hulba na da wani sinadari mai suna diyosjenin, wai jiki zai mayar da shi homon ɗin mata. Ƙarya ce. A ɗakin gwaji aka yi wannan, daga doyar daji ta Meziko, a shekarun 1940. Jikin ɗan Adam ba ya iya wannan aikin. Abin da hulba ke yi tabbas shi ne saukar da sukarin jini, tana iya tsananta aikin warfarin (maganin hana daskarewar jini), kuma yawanta na iya motsa mahaifar mai ciki.

Kumburin fuskarki kuwa, hulba ba ta cika kawo shi ba, sai ga wadda jikinta ba ya karɓar ta (aleji). Ina zargin an daka deksametazon, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rukunin sitiroyid, an zuba a "mai ƙarfin" nan, kamar yadda ake yi a haɗin ƙiba. Fuska ta yi tulu-tulu, mace ta ɗauka lafiya ce, alhali hawan jini da ciwon sukari ke tafe. Wallahi masu wannan sana'a su ji tsoron Allah.

Idan kin kai mako uku kina shan "mai ƙarfin" nan, kada ki yanke shi farat ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ki je asibiti gobe da ledar a hannunki, a gwada ciki, a auna hawan jini da sukari, likita ya tsara miki yadda za ki rage.