Amsa ga mai tambaya kan shaidar yarinya ita kaɗai

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa an yi wa 'yar maƙwabciyarki fyaɗe da dare, ta ce ta gane mutumin, amma babu wanda ya gani sai ita, ko kotu za ta karɓi maganarta. Allah ya ba ta lafiya, ya bi mata haƙƙinta. Na daɗe ina aikin lauya a kotunan Sakkwato, kuma irin wannan shari'a ta sha biyowa ta hannuna.

Kotu tana karɓa. Sashe na 200 na Dokar Shaida ta 2011 bai ƙayyade yawan shaidun da za a kawo ba, mutum ɗaya ya isa idan alƙali ya gamsu. Sai dai in yarinyar ba ta kai shekara 14 ba, ba a rantsar da ita, kuma sashe na 209 ya ce sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa maganarta kafin a hukunta mutum. Wannan a Babbar Kotu ke nan. Haddi a kotun shari'ar Musulunci sharuɗɗansa daban ne, na bar wa malamai.

Abin da ba ki faɗa ba, kuma shi ne ƙashin bayan maganar: ta san shi tun da can, ko ranar ta fara ganinsa? Yawancin waɗanda na gani, mutumin na gida ne ko na unguwa, mai shago, maƙwabci, wani lokaci ma ɗan'uwa. Yarinyar da ta ce "wane ne", ta san muryarsa, ta san tafiyarsa, shaidarta tana da nauyi ƙwarai, kuma yana ƙona mini rai yadda ake yi mata caa a ce sharri ne.

Baƙo kuwa, a nan ake zamewa. Akwai wata 'yar talla da ba na mantawa da ita. Bayan magariba abin ya faru, a wani kango, ba wuta. Kwana biyu sai matasan unguwa suka kamo wani, aka shigo da shi gabanta da ankwa a hannu, leɓensa a fashe, aka ce mata "shi ne ko?" Ta ɗaga kai kawai, tana rawar jiki, ta riƙe gefen hijabin uwarta. A kotu lauyan da ke kare shi ya tambaye ta kamannin da ta faɗa tun farko. Ashe ba wanda ya rubuta. Shari'ar ta rushe. Yarinyar ba ƙarya ta yi ba, wallahi an cuce ta, manya ne suka ɓata mata hujja da gaggawarsu.

Mutum yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya alhali ya yi kuskure, domin tsoro da duhu suna dagula abin da ido ya ɗauka, kuma fuskar da aka nuna maka daga baya tana iya maye gurbin ta ainihi. A Amurka, Jennifer Thompson da aka yi wa fyaɗe a 1984 ta nuna Ronald Cotton ba tare da ko ɗar ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi, bayan ya shafe sama da shekara 10 a kurkuku, mai laifin kuma wani ne daban. Shi ya sa tun shari'ar Turnbull ta Ingila a 1976, wadda kotunanmu ma suke bi, alƙali yake tambaya: tsawon wane lokaci ta gan shi, da wane haske, daga wace tazara, kuma kwana nawa tsakanin faruwar abin da ranar da ta nuna shi?

Don haka ki gaya wa uwar, yau ɗin nan a zaunar da yarinyar cikin lallashi, ta faɗi kamanninsa da bakinta a rubuta: tsayi, tsage, tabo, tufafi, irin Hausarsa, har warin jikinsa. Kar a sa mata magana a baki, kar a riƙa nuna mata hotuna a waya. In an kama wani, ku nemi 'yan sanda su jera shi cikin masu kama da shi ta zaɓa da kanta.

Asibiti kuma kada ya wuce awa 72, saboda maganin kariya daga cutar ƙanjamau. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato don irin wannan aka buɗe ta. Kayan da ke jikinta a daren kar a wanke, a naɗe su a takarda, ba a leda ba, a tafi da su. In masu zuwa biko sun fara sallama da "a rufa asiri", a ce musu magana tana hannun hukuma.