Gajiyar da barci ba ya maganinta

Hajiya, kin ce maigidanki mai karɓar kuɗi ne a wani kamfani a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekara uku bai je hutu ba, yana tashi da gajiya, ga saurin fushi, kina tambaya ko lalaci ne ko ciwo.

Ba lalaci ba ne. Malalaci tun farko an san shi, wannan gajiyar aikin kuwa, da Turawa ke kira burnout, masu ƙwazo takan kama, waɗanda ba su iya cewa a'a ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwarewa.

A wurin aiki ba ta zuwa lokaci guda. Mantuwa na cikin alamunta. Mai ƙirga kuɗi zai ƙirga ɗauri ɗaya sau uku bai yarda da hannunsa ba, lissafin yamma ya ƙi daidaita, ya zauna har bayan magariba yana neman jaka biyar. Wannan zaman ya ci barcinsa, gobe kuskuren ya ƙaru. Daga nan sai ya daina ɗaga kai idan an gaishe shi, mai tambaya ya zame masa kaya, aikin minti goma ya kwana a tebur. Watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke haura digiri 40, barcin dare ma ba ya samuwa, abin sai ya ninka.

Shawarata, maigidanki ya fara da asibiti: a duba zazzaɓin cizon sauro, taifot, hawan jini, suga da ƙarancin jini, domin duk suna kawo kasala irin wannan. In ba a samu ko ɗaya ba, sai maganar hutu. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta sa awa 40 a mako, da hutun kwana ɗaya da rabi kan kowane watan aiki, wato kwana 18 a shekara. Ya nema a rubuce, ya riƙe kwafi. In an hana, ofishin sufeton ƙwadago yana nan.

Sai dai hutu kaɗai ba ya isa in zai dawo ya tarar da kayan yadda ya bari. Ya zauna da shugabansa ya ambaci aiki ɗaya ko biyu da za a sauke masa, kuma ya kashe wayar aiki bayan isha'i. Kofi da goro da daddare su ragu. Tiramol kuwa, da wasu ke sha don ƙarin ƙarfi, kada ya kusance shi. In ya fara ƙin abinci ko yana cewa ya gaji da duniya, ku ga likita a ranar.