Tambaya da Amsa: Ina gyaran gidaje, ya zan yi kwastomomi su riƙa yi min shaida a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗan kwangila ne a Kaduna, gyaran tsofaffin gidaje nake yi, sa tayil, POP, fenti, canza kwanon rufi da aikin famfo, ina da yara da muke aiki tare. Duk aikin da nake samu ta baki ne, wane ya gaya wa wane, to amma yanzu na lura mutanen da ke zaune Abuja ko ƙasar waje in suna so a gyara musu gidan gado ba sa tura kafin alƙalami sai sun duba mutum a waya, ni kuma in ka rubuta sunana a Google ba abin da ke fitowa. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya mutanen nan ba su da laifi, wanda zai turo maka miliyoyi daga nesa kuma ba zai iya zuwa ya tsaya a kan aiki ba dole ya nemi wanda zai ce masa eh na san shi, ya yi min aiki bai gudu ba. Abin da za ka fara yi shi ne buɗe Google Business Profile, wato shafin kasuwancinka da zai riƙa fitowa in an nemi sunanka a Google, wanda ake kira Google My Business kafin su canza sunan a 2021, kyauta ne ko sisi ba a biya. Ka shiga business.google.com da Gmail ɗinka, ka sa sunan da aka san ka da shi, lambar da kake ɗauka kullum, da irin aikin da kake yi. In ba ka da ofis ba matsala, akwai zaɓi na masu bin kwastoma har gida, sai ka ɓoye adireshinka ka lissafa wuraren da kake zuwa, suna yarda har guda 20. Daga nan za su tantance ka, sau da yawa yanzu bidiyo suke nema, ka nuna kayan aiki, motar aiki ko allon sunanka. In wani ya kira ka ya ce daga Google yake, ka biya ko ka karanto masa lambar da aka turo maka, kashe wayarka kawai, ɗan damfara ne.

Da zarar an tantance ka, ka rubuta sunan kasuwancinka a Google da wayar da Gmail ɗin ke ciki, za ka ga wajen da aka rubuta Ask for reviews, ka danna zai ba ka wani gajeren linki. Wannan linkin shi ne jarinka. Duk wanda ya taɓa shi kai tsaye zai faɗa wajen taurari biyar ɗin nan da akwatin rubutu, ba sai ya yi ta neman ka ba. Ka ajiye shi a WhatsApp Business cikin saƙonnin nan da ake tanada tun da wuri, yadda da ka danna alamar / zai fito, ba sai kullum ka sake rubutawa ba.

To inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne lokacin roƙo. Kar ka bari sai bayan wata uku ka turo wa mutum linki tsurarsa ba ko gaisuwa, ya riga ya saba da falon ya manta yadda yake a da. Ranar da kuka kwashe baraguzai, aka share ƙurar siminti, aka kunna fitilun silin maigida ya shigo yana kai masha Allah, ranar ce. Ka faɗa masa da bakinka tukuna, ka ce ranka ya daɗe in aikin ya yi maka akwai alfarmar da nake nema, zan turo maka wani abu a WhatsApp ka rubuta yadda ka ga aikin, da shi wasu ke gane mu. Sannan ka tura kafin ka bar ƙofar gidan. In kwana uku ya wuce shiru ka tuna masa sau ɗaya, daga nan ka ƙyale shi, naci yana ɓata zumunci.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da sana'arku wanda mai sayar da abinci ba shi da shi. Aikin gini ba ranar da aka gama ake sanin kyansa ba, rufin da aka yi a watan Fabrairu sai ruwan Agusta ya sauka ake sanin ko yana yoyo, fenti ma sai ya sha damina ake ganin ko zai ɓare. Don haka bayan damina ka kira mutanen da ka yi wa aiki ka tambayi lafiyar rufin, in akwai gyara ka je ka yi, in babu ka roƙe su su ƙara layi ɗaya. Google sharhi ɗaya yake bari mutum ya yi wa kasuwanci ɗaya amma yana iya komawa ya gyara ya ƙara. Mutumin da ya rubuta cewa an yi min rufi damina ta wuce ko ɗigo babu, wallahi a wajena ya fi mutum ashirin da suka danna tauraro biyar suka wuce ba su ce komai ba.

Wasu za su ce maka ba su san faswod ɗin Gmail ɗinsu ba, a shagon waya aka buɗe musu. Mai Android yawanci baya buƙata, wayar na cikin akawun ɗin tun ranar da aka saita ta, mai iPhone ne kan sha tambaya. Ka nuna masa inda zai taɓa amma kar ka karɓi wayar ka rubuta da kanka, ya faɗa da bakinsa ko da Hausa ne, Hausar ma ta fi shiga ran mai karantawa.

Tambaya: Malam wani yaro ya ce in ba shi kuɗi zai zuba min taurari biyar-biyar guda hamsin cikin sati ɗaya. Ko kuwa gara in riƙa tura wa kwastoma katin waya in ya rubuta?

Amsa: Duka biyun kar ka yi. Na farkon shaidar zur ce ba wani suna, mutum hamsin da ba su taɓa ganin aikinka ba suna rantse wa wani ya ba ka kuɗin da ya tara shekara da shekaru. Kuma ba ya ɗorewa, na'urorin Google suna lura da shafin da jiya ba kowa yau ya cika da sababbin akawun masu magana iri ɗaya, suna goge su, wani lokaci su hana shigar sabon sharhi ko su dakatar da shafin gaba ɗaya, na gaskiyar da ka sha wahalar tarawa su tafi tare. A Amurka hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta kafa dokar hana sharhin ƙarya da ta fara aiki a Oktoban 2024, tarar tana iya haura dala dubu 50 a kan kowane laifi, Birtaniya ma ta haramta a Afrilun 2025, ka ga ba ƙaramin abu duniya ta ɗauke shi ba.

Katin waya, ragi, ko kyautar galan ɗin fenti don a rubuta, shi ma ƙa'idar Google ta hana ko da kwastoman na gaske ne. Haka sa leburorinka da ƙannenka su rubuta, haka zaɓen waɗanda ka san sun ji daɗi kawai ka tura musu ka ɓoye wa sauran. Ka tura wa kowa. Ni in na ga ɗan kwangila da taurari 4.6 da sharhi goma sha biyar masu bayani hankalina ya fi kwanciya da shi a kan mai 5.0 da ɗari wanda duk good job good job ne.

Tambaya: Ni mace ce a Kano, ina da masu fenti da masu POP da nake turawa aiki. Wani ya ba ni tauraro ɗaya ya rubuta mun ɓata masa lokaci, alhali shi ne ya riƙe cikon kuɗi aikin ya tsaya. Ya zan goge?

Amsa: Hajiya sai haƙuri, mai kasuwanci ba shi da ikon gogewa, wanda ya rubuta ne kawai ko Google. Kina iya danna ɗigo ukun da ke gefen sharhin ki kai ƙara, amma suna cirewa ne in akwai zagi, batsa, ko alamar mutumin bai taɓa hulɗa da ke ba. Saɓani a kan kuɗi ko lokaci ba sa shiga tsakani.

Abin da ke hannunki shi ne amsa, kuma ki sani ba shi kike rubuta wa ba, mutanen da za su zo bayansa su karanta kike rubuta wa. Na san da zafi mutum ya riƙe miki kuɗi kuma ya zo ya ɓata miki suna, shi ya sa kar ki amsa a ranar, ki kwana tukuna. Sai ki rubuta gajere, misali: mun gode da sanar da mu, gaskiya aikin ya wuce ranar da muka sa, ya tsaya ne a kan batun da muka tattauna da kai, ƙofarmu a buɗe take ka kira mu mu ƙarasa. Kar ki ambaci nawa kike bin sa, kar ki sa sikirinshot ɗin hirarku, kar ki faɗi unguwarsa. Mai karatu yana gane wanda ya san mutunci, kuma mai neman wanda zai shigar wa cikin gida da ma abin da yake dubawa kenan, ya kike yi in an samu matsala. In kun sasanta kina iya roƙonsa ya gyara rubutunsa da kansa.

Amma in kika wayi gari da tauraro ɗaya-ɗaya da yawa daga sunayen da ba ki sani ba, sannan saƙo ya shigo WhatsApp cewa ki biya a cire, wannan damfara ce da aka sani. Kar ki biya, ki ɗauki hoton saƙonnin ki kai ƙara wajen Google.

Tambaya: Yawancin kwastomomina dattawa ne, boyis suke turo min na godiya, wasu kuma a Facebook suke. Zan iya sa boyis ɗin da hotunan gidan a sitatus?

Amsa: Za ka iya ɗan'uwa amma da izini, kuma ka nemi izinin a rubuce a WhatsApp ɗin don ya zauna. Wanda ya turo maka boyis kai ya yi wa magana, bai yi da duniya ba. Hoto kuwa gani ya kori ji, na kafin gyara da na bayan gyara daga kusurwa ɗaya ba abin da ya kai shi jawo aiki, sai dai cikin gidan mutane ne, akwai iyali, akwai ɗakin uwargida. Ka ɗauka kafin a mayar da kaya, ba mutum a ciki, ba lambar gida, ba lambar mota, ba get ɗin da za a gane daga titi, saboda yanayin tsaron da muke ciki bai kamata a san gidan wane ne aka kashe wa kuɗi ba. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, murya da hoton mutum suna ciki.

Na Facebook kuma, sai ka buɗe shafin kasuwanci daban da akawun ɗinka ka kunna wajen sharhi a saitin. Su tun 2018 suka daina taurari, tambaya suke yi kana ba da shawarar a yi hulɗa da wannan, eh ko a'a, sai mutum ya ɗan yi rubutu. Ka tuna sitatus awa 24 yake yi ya ɓace kuma waɗanda ke da lambarka kai ma kana da tasu ne kawai ke gani, don haka dattijon da ya turo boyis ka tambaye shi ko akwai ɗansa a gida da zai zauna da shi ya rubuta masa abin da ya faɗa a linkin Google ɗin da wayar dattijon. Linkin nan na Google kuma in ka buɗe shi a Chrome kana iya mayar da shi QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya ya buɗe linkin, ka kai a buga maka a ƙasan rasit da takardar kimar aiki da kake ba mutane.