Gyaɗar da ta yi fumfuna, wuta ba ta gyara ta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce buhun gyaɗar da kuka ajiye tun kaka ya fara fumfuna ta ƙasa, wasu ƙwayoyin sun yi baƙi suna ɗaci, kuma an ba ki shawarar ki shanya, ki soya ta sosai, ki ci gaba da dama wa ɗanki na yaye kunu, wadda ta lalace kuwa ki watsa wa kaji. Kina son jin ko hakan ya wadatar. Bai wadatar ba. Don girman Allah kada ki ba yaron nan wannan gyaɗar, kada kuma ki ba kajin.

Na fi shekara 20 ina noman gyaɗa da masara, kuma wannan abu a jikina na koye shi. Wata shekara ruwan ƙarshen damina ya doki masarata tana shanye, na yi gaggawar ɗurawa a buhu da sauran danshinta. Bayan wata biyu na ga ta fara kore-kore, sai na ce asara ba ta yi ba, na niƙa wa kajin da nake kiwo. Suka rage cin abinci, ƙwai ya ja baya, daga nan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da likitan dabbobi ya farke guda, ya nuna mini hantarta ta kumbura ta koɗe, ya ce gubar aflatoksin ce. Abin da ya hana ni barci ba kajin ba ne. Daga cikin wannan masarar muke tuƙa tuwo a gida, da yarana ƙanana.

Fumfunar nan wata halitta ce da masana ke kira Aspergillus flavus, a ƙasar gona take zaune. Tana samun shiga ne idan fari ya matsa wa shuka dab da nuna, ko gara da ƙwari sun huda kwanso, ko an ajiye amfani da danshi. Ita fumfunar wuta tana kashe ta. Gubar da ta riga ta zuba a cikin ƙwaya kuwa tana nan daram, zafin suya da tafasar kunu ba sa kawar da ita, sai dai su ɗan rage. Ba ta da wari, wani lokaci ma ƙwayar tana da kyau a ido alhali da guba a ciki. Idan an matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yara suka fi kowa ci. Saniyar da ta ci gurɓataccen abinci kuma, wani kaso yana fita a nononta.

Ta hanyar gyaɗa aka ma fara gano wannan gubar. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ba su abinci mai garin gyaɗa daga Brazil. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317, 125 suka rasu. Amma wannan mai kisan nan-take ba ita na fi tsoro ba, domin ba kasafai ake ganinta ba. Na fi tsoron wadda ake ci kaɗan-kaɗan kullum har shekaru, tana cin hanta a ɓoye. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aflatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar hanta. Idan kuma ta tarar da mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu, haɗarin yana ninkuwa sau da yawa.

Game da yara, a 2002 an fitar da wani bincike da aka yi a kan yara 480 a Benin da Togo. An ga gubar ta fi yawa a jinin waɗanda aka yaye fiye da masu shan nono, kuma yaran da suka tsumbure su ne suka fi yawan guba a jini. Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa miki sauran: a 2018 an fitar da sakamakon wani gwaji a Kenya inda aka riƙa canza wa iyalai gurɓatacciyar masara da mai kyau. Gubar ta ragu a jinin yaran, amma a ƙarshen gwajin tsayinsu bai bambanta da na sauran ba. Ni abin da na fahimta, tsumburewa ba abu ɗaya ke kawo ta ba, akwai ƙarancin abinci mai gina jiki, da gudawa, da rashin ruwa mai tsafta. Illar da take yi wa hanta kuwa babu wanda ke gardama a kai.

Binciken da ya fi shiga raina shi ne na ƙasar Gini, wanda aka buga a 2005. Ƙauyuka 20 aka ɗauka, rabinsu aka koya wa manoma abubuwan da kowa zai iya: tsince gyaɗa da hannu, shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, bari ta bushe ƙarau, zuba ta a buhun algarara mai shan iska, ɗora buhu a kan katako, da maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata biyar, gubar da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta sauran ba. Babu inji, babu kuɗi mai yawa. Tun da na ji wannan ban ƙara shanya a tsurar ƙasa ba, kuma ba na ɗurawa sai na girgiza kwanso na ji ƙwaya tana kaɗawa, na ciza na ji ta ce ƙas.

Ga maigidanki idan shi ke nomawa, akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Dawa ce da aka kashe tsironta, aka shafe ta da irin wannan fumfunar amma wadda ba ta fitar da guba, aka rina ta shuɗi don kada a ci. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Gwaje-gwajen gonaki sun nuna tana rage gubar da fiye da kashi 80 cikin 100. Na yi amfani da ita, amma ba ta ɗauke wa mutum shanya da ajiya mai kyau.

Yanzu ga buhunki. Juye shi a tabarma da rana tsaka. Ɓangaren ƙasa da ya kama, kwashe shi gaba ɗaya ki binne ko ki ƙone, kada ki sayar wa mai ƙuli ko da za ta saya da araha, ɗan wani ne zai ci. Na sama ki bi shi ƙwaya-ƙwaya, ki fitar da duk wadda ta yamutse, ta fashe, ta canza launi ko ƙwaro ya huda. Na san da ciwo a wannan tsadar, na zubar da abin da ya fi haka ina ji ina gani. Shi yaron kuwa, ki sayo masa sabuwa mudu ɗaya mai kyau, ki tsince ta ita ma, kuma ki riƙa sauya masa da kunun gero da waken suya, kada ya zama gyaɗa da masara kullum. Ki duba katin rigakafinsa ki tabbatar ya samu allurar ciwon hanta, ke da maigidan ma ku je a gwada ku. Idan kin ga idonsa ya yi rawaya, ko yana amai, ko ciki ya kumbura, ki kai shi asibiti a ranar, ki gaya wa likita abin da ya ci.