Shin gwamnati na karanta saƙonnin wayata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina kai kaya Kusuri. Ana ta raɗe-raɗin cewa saboda Boko Haram gwamnati ta karɓi mabuɗin duk wayoyi, tana karanta WhatsApp ɗinmu. Wani mai gyaran waya ya ce zai sa mini wanda ba a iya leƙawa a kan sefa 5,000. Lissafin kuɗina da hirar iyalina duk suna ciki, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tun Afrilun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, daga wayarka har zuwa ta wanda ka aika wa. MTN da Orange ba sa ganin cikinsa. Abin da ke hannunsu shi ne sunan mai layi, lambobin da ka kira da eriyar da wayarka ta kama, kuma hukuma na iya neman waɗannan. Tana iya toshe hanyar ma, kamar yadda Cadi ta rufe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, amma mai toshewa bai karanta komai ba.

Mabuɗin kuwa, hukumar FBI ta Amurka ta nemi irinsa a 2016, domin buɗe wayar maharin San Bernardino, inda aka kashe mutum 14. Kamfanin Apple ya ƙi. Mu nan mun ɗanɗani zafin ta'addanci, duk da haka ina ganin gaskiyar Apple: ƙofar da aka huda wa jami'i, ɓarawo ma ta nan zai shiga.

Mai gyaran nan shi ne ya fi tayar mini da hankali. Kullum sai an kawo mini waya ɗauke da GB WhatsApp ko ɗan'uwansa, wai ya fi sirri. Wane sirri? Manhaja ce da wasu suka farke suka sake ɗinkewa, ba ka san su ba, ba ka san me suka cusa ba. Ka ba ta izinin hotunanka, muryarka da saƙonnin da lambobin Orange Money ke shigowa, sannan ka biya! Kamfanin WhatsApp kansa yana rufe asusun masu amfani da ita. Haka kuma za a miƙa wa yaron shago waya da lambar buɗe ta, a wuce masallaci. Hotunan matan gidanka amana ce, Alhaji, Allah zai tambaye ka.

Ka sauke WhatsApp na ainihi daga Play Store, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu (wato ƙarin lambar sirri da ke tsare asusunka), ka kulle wayar da lamba shida wadda ba shekarar haihuwarka ba. In gyara ya kama, ka zauna a yi shi a gabanka.